TARIHI: Darmakirti, malamin Indiya da ya gindaya wa kowace magana sharaɗin hujja

Duk wanda ya nemi fahimtar falsafar addinin Buddha, ya wuce matakin kallon hotunan masu zuhudu zaune shiru cikin mayafi ruwan goro, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da sunan Darmakirti. Malami ne ɗan kudancin Indiya, wanda akasarin masana ke sanya rayuwarsa tsakanin shekarar 600 da 660 miladiyya, wasu kuma su ja ta baya zuwa tsakiyar ƙarni na 6. Bai riƙe sarauta ba, bai kuma kafa sabon addini ba. Abin da ya bari littattafai ne guda bakwai, dukkansu suna zagaye tambaya ɗaya: ta yaya mutum zai bambance abin da ya sani da abin da yake zaton ya sani?

A wurinsa wannan tambaya ta shafi tsira ce. Addinin da yake bi ya ginu a kan cewa tushen wahalar ɗan Adam jahilci ne, wato kallon abubuwa saɓanin yadda suke. Idan cutar kuskuren fahimta ce, to maganinta sani ne ingantacce, kuma wajibi ne a fara tantance mene ne sani kafin a sha maganin. Da haka ya mayar da nazarin hanyoyin sani ƙofar shiga falsafar Buddha. Tsawon shekara ɗari biyar bayansa, da wuya a sami masanin falsafa a Indiya, mabiyinsa ne ko abokin hamayya, da ya yi rubutu kan hujja da dalili bai tanka masa ba.

Zamanin da baki ke yanka wuya

Darmakirti ya zo duniya kimanin shekara dubu bayan Buddha. Daular Gupta, wadda ta haɗe arewacin Indiya, ta riga ta wargaje a tsakiyar ƙarni na 6, ƙasa ta rabu tsakanin sarakuna masu gasa da juna. Mafi ƙarfinsu a arewa shi ne Sarki Harsha, wanda ya yi mulki daga 606 zuwa 647, fadarsa kuma tana Kanauj.

A fadojin irin waɗannan sarakuna ake shirya muƙabala tsakanin malaman mazhabobi daban-daban, sarki na zaune, jama'a na kallo. Riwayoyin zamanin sun nuna cewa wanda aka kayar yana iya rasa fiye da mutunci. Wani lokaci sharaɗin shi ne ya bar tafarkinsa ya bi na wanda ya kayar da shi, shi da almajiransa. Gidajen zuhudun mabiya Buddha kuwa sun dogara ne da kyautar filaye da harajin ƙauyuka da sarakuna ke ware musu, don haka faɗuwa a gaban sarki na iya zama sanadin yankewar abinci.

Abokan karawar ba kanwar lasa ba ne. Malaman mazhabar Niyaya gwanaye ne a mandiƙi, kuma ɗaya daga cikinsu, Uddiyotakara, ya rubuta littafi musamman don rusa hujjojin mabiya Buddha. Mazhabar Mimansa kuma tana da Kumarila, mai kare littattafan Beda, wanda ya tsaya a kan cewa littattafan ba su da mawallafi, saboda haka babu kuskuren da zai iya shiga cikinsu. A irin wannan fage, kafa hujja da maganar Buddha ba ya amfani, domin abokin hamayya bai yarda da Buddha ba tun farko. Dole a nemi ma'aunin da kowane ɓangare zai amince da shi.

Daga gidan Barahmanawa zuwa Nalanda

Labarin rayuwarsa ya iso mana ne ta hannun marubuta tarihi na Tibet, musamman Buton, wanda ya kammala littafinsa a 1322, da Taranata, wanda ya rubuta nasa a 1608. Sun ruwaito cewa an haife shi a kudancin Indiya, a gidan Barahmanawa, ajin malamai da limamai na gado a addinin Hindu. Tun yana saurayi ya ƙware a littattafan Beda da nahawun Sanskirit da sauran fannonin gidansu. Daga baya ya riƙa halartar karatun mabiya Buddha, ya gamsu da abin da ya ji, ya sauya sutura. Danginsa suka kore shi.

Sai ya nufi arewa, zuwa Nalanda, a jihar Bihar ta yau, inda riwayar ta ce malami Darmapala ne ya shigar da shi zuhudu. Nalanda ita ce babbar cibiyar ilmin mabiya Buddha a lokacin. Matafiyin nan ɗan ƙasar Sin, Shuwanzang, wanda ya yi karatu a can a shekarun 630, ya bayyana ta da gari na dubban ɗalibai, inda mai tsaron ƙofa ke yi wa baƙo tambayoyi masu wuya kafin ya shiga, kuma cikin goma, bakwai ko takwas kan koma gida. Shuwanzang bai ambaci Darmakirti ba. Amma wani ɗan ƙasarsu, Ijing, da ya zauna a Nalanda wajen 675 zuwa 685, ya lissafa shi cikin manyan malaman da suka kyautata ilmin mandiƙi. Wannan tazara tsakanin matafiyan biyu na cikin abin da masana suka dogara da shi wajen ƙiyasta zamaninsa.

Littafin da ya sauya alƙiblarsa na Dignaga ne, malamin da ya rayu wajen 480 zuwa 540, ya kuma aza harsashin wannan fanni a littafinsa Pramanasamuccaya, wato Tarin Hanyoyin Sani. An ruwaito cewa Darmakirti ya karanta shi sau uku a gaban malaminsa Ishwarasena. A karatun farko ya kamo malamin nasa a fahimta, a na biyu ya kamo Dignaga kansa, a na uku kuwa ya fara nuna wa malamin wuraren da ya yi wa littafin gurguwar fassara. Ishwarasena bai ji haushi ba, ya umarce shi da ya rubuta sharhi. Sharhin shi ne Pramanawartika, babban littafinsa, mai babi huɗu da baiti sama da 1,400.

Hanyoyin sani biyu

Mazhabobin Indiya sun saɓa kan adadin hanyoyin da ake samun sani ta cikinsu. 'Yan Carbaka, waɗanda ba su yarda da komai ba sai abin duniya, sun ce hanya ɗaya ce, wato riska ta gaɓɓai. 'Yan Niyaya sun ce huɗu ne: riska, da dalili, da kamantawa, da shaidar amintacce. Mabiya Kumarila sun kai su shida. Dignaga ya tsaya a kan biyu, riska kai-tsaye da dalili, Darmakirti kuma ya bi shi, ya ƙara abin da malamin bai fayyace ba, wato ma'anar sani ingantacce shi kansa.

A wurinsa sani ingantacce shi ne fahimtar da ba ta yaudarar mai ita idan ya yi aiki da ita. Wanda ya hango wuta, ya je ya tarar tana ƙuna tana dafa abinci, ganinsa sani ne. Wanda ya hango kawalwalniya ya ɗauka ruwa ne, zai isa wurin ya dawo da ƙishirwarsa. Daga nan ya ciro ma'anar samuwa: abu na haƙiƙa shi ne wanda yake iya haifar da wani tasiri. Abin da ba ya aikata komai, ba ya kuma sauya komai, sunansa kawai ake da shi.

Riska kai-tsaye, a bayaninsa, ita ce abin da ido ko kunne ko harshe ya kama kafin zuciya ta laƙaba masa suna. Da zarar mutum ya ce a ransa wannan tulu ne, to ya riga ya fita daga riska ya shiga tunani, domin ya haɗa abin da ke gabansa da tulunan da ya taɓa gani. Ya kuma ƙara sharaɗi na biyu, cewa riskar ta kuɓuta daga ruɗu. Mai ciwon ido yana ganin silin gashi a sarari, wanda ke cikin jirgin ruwa yana ganin itatuwan gaɓa suna tafiya, bakin wutar da aka juya da sauri yakan zama zobe a ido. Gani ya kori ji, amma a ma'aunin Darmakirti shi ma ganin sai an bincika lafiyarsa.

Hanya ta biyu ita ce dalili, wato gane abin da ba a gani ta hanyar alamar da ake gani. Dignaga ya riga ya gindaya wa alama sharuɗɗa uku: ta kasance a wurin da ake magana a kai, a same ta a wuraren da ke da abin da ake son tabbatarwa, a kuma rasa ta a duk inda babu shi. Darmakirti ya lura da wani giɓi. Yawan ganin abubuwa biyu tare ba ya tabbatar da cewa ba sa rabuwa. Ya buga misali da tukunyar shinkafa: ɗanɗana ƙwayoyi kaɗan a ji sun nuna ba ya kore yiwuwar akwai waɗanda ba su nuna ba. Abin da ke sa alama ta zama hujja, a ganinsa, shi ne wata alaƙa ta asali tsakaninta da abin da take nunawa.

Da wannan ya taƙaita ingantattun dalilai zuwa iri uku. Na farko shi ne sakamako da ke nuna sanadinsa, kamar hayaƙi a kan dutse da ke nuna wuta, domin ba a samun hayaƙi sai daga wuta. Na biyu shi ne ɗabi'ar abu, kamar a ce wannan shinshapa ne, saboda haka itace ne, tunda shinshapa wani nau'in itace ne na Indiya. Na uku shi ne rashin gani, kamar a duba daɓe a ce babu tulu a nan. A wannan na uku ya yi gargaɗi mai muhimmanci: rashin gani yana zama hujjar rashin abu ne kawai idan abin na daga cikin waɗanda da suna nan da an gan su. Wanda ya duba ɗaki bai ga tulu ba yana da damar cewa babu tulu. Wanda ya duba bai ga aljani ba, iyakarsa ya ce bai gani ba.

Yadda ma'aunin ya buɗe falsafar Buddha

Buddha ya koyar da cewa duk abin da ya haɗu daga sanadai mai gushewa ne. Mabiyansa sun karɓi wannan a matsayin koyarwa, Darmakirti kuma ya nemi ya tabbatar da shi da dalili. Idan abu na haƙiƙa shi ne mai haifar da tasiri, to abin da ba ya sauyawa sam ba zai iya haifar da komai ba. Idan ya fitar da tasirinsa gaba ɗaya a lokaci guda, to bayan nan ya zama mara aiki, ya sauya ke nan. Idan kuma a hankali yake fitarwa, to halinsa na yau ya bambanta da na jiya, nan ma ya sauya. Mabiyansa sun yawaita buga misali da iri: da ƙwayar da ke cikin rumbu ita ce dai ƙwayar da ke cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ba tare da wani sauyi ba, da ta tsiro tun tana rumbu. Saboda haka duk abin da yake samamme, a kowace ƙiftawar ido sabo ne. Abin da muke kira tulu ɗaya jerin tuluna ne masu bin juna, kowanne yana haifar da na bayansa, kamanninsu ne ke sa mu ɗauke su abu guda.

To idan kowane abu shi kaɗai ne irin kansa, ina kalmomi suka samo ma'ana? 'Yan Niyaya sun ce akwai wata haƙiƙa ta saniyantaka da ke cikin kowace saniya. Dignaga da Darmakirti suka ce babu wannan. Kalmar saniya aikinta ware abin da ba saniya ba ne, kuma muna tara dabbobi mabambanta ƙarƙashin suna ɗaya saboda suna biya mana buƙata iri ɗaya. Darmakirti ya kwatanta da magunguna: saiwoyi da ganyaye daban-daban suna sauke zazzaɓi, ana kiran su maganin zazzaɓi, alhali babu wani sinadari guda mai wannan suna a cikinsu duka.

Wannan bai sa ya yi watsi da tunani da kalmomi ba. Ya kawo misalin mutum biyu, ɗaya ya hango ƙyallin fitila, ɗaya ya hango ƙyallin lu'ulu'u, kowannensu ya ruga yana zaton ƙyallin shi ne lu'ulu'un. Dukkansu sun yi kuskure, amma ɗaya zai dawo da lu'ulu'u a hannu. Haka dalili yake: hoto ne da zuciya ta zana, sai dai idan yana da alaƙa ta sanadi da abin da ke waje, yana kai mutum ga biyan buƙata.

Daga nan ya isa zuciyar al'amarin. Babban sunan da zuciya ke laƙaba wa jerin abubuwa masu gushewa shi ne ni. Jiki da ji da tunani suna sauyawa a kowane lokaci, amma mutum yana ɗora musu wani zati tabbatacce da yake kira kansa. Da zarar an sami ni, an sami wani. Daga nan son abin da ke nawa da ƙin abin da ke barazana gare shi suke tasowa, sauran aibobi kuma su biyo baya. Wannan shi ne jahilcin da Buddha ya kira tushen wahala, kuma Darmakirti ya nuna shi a matsayin kuskuren sani, ɗan'uwan kuskuren mai bin kawalwalniya. Tunda kuskure ne, ana iya gyara shi: a ji bayani, a auna shi da dalili, sannan a yi ta maimaita shi a zuci har ya bayyana ƙarara kamar abin da ido ke gani. Wannan mataki na ƙarshe shi ya kira riskar masu zurfin tunani, ya kuma lissafa shi cikin nau'o'in riska kai-tsaye.

Har Buddha sai da ya hau sikeli

Babi guda na Pramanawartika ya tsaya ne a kan dalilin da zai sa a amince da Buddha. Amsar da ya bayar ta bambanta da abin da aka saba ji daga masu kare addini a zamaninsa. Bai jingina da mu'ujiza ba. Ya nuna cewa sanin adadin ƙwarin duniya ba shi da amfani ga mai neman tsira, kuma da hangen nesa ne ma'aunin malami, da ungulu ta fi cancanta a bi. Abin da ake nema ga jagora shi ne ya san abin da ya kamata a bari da abin da ya kamata a riƙa, da hanyar yin hakan, ya kuma zama ba shi da wata riba a yaudarar mai sauraro. Gaskiya huɗu da Buddha ya koyar, wato wahala, da sanadinta, da gushewarta, da hanyar kaiwa ga gushewar, duk abubuwa ne da ya ce mutum zai iya jarrabawa da hankalinsa.

Ga 'yan Carbaka, masu cewa hankali daga jiki yake kuma da jiki yake mutuwa, ya amsa da cewa kowane lokaci na sani daga wani sanin da ya gabace shi yake fitowa, wanda shi ne hujjarsa ta sake haihuwa, aƙidar da addininsa ya ginu a kai. Ya kuma bambanta horon jiki da horon zuciya. Mai koyon tsalle yana da iyakar da ba zai wuce ba, ruwan da aka ɗora a wuta zafinsa na da iyaka kuma yana hucewa. Tausayi kuwa, idan ya zama ɗabi'a, kowane ƙari a kan na baya yake hawa.

Game da nassi, ya raba al'amura gida uku: waɗanda ake gani, waɗanda ake kaiwa gare su da dalili, da waɗanda suka fi ƙarfin duka biyun. A kashi biyu na farko littafi ba shi da ikon soke abin da ido ko dalili ya tabbatar. A na uku ne kawai ake komawa gare shi, shi ma bayan an ga bai saɓa wa gani ba, bai saɓa wa dalili ba, bai kuma yi tufka da warwara ba. Ya fito fili ya ce wannan dogaro na larura ne, don babu wata hanyar. Da wannan ma'auni ya ƙalubalanci da'awar Mimansa kan littattafan Beda, ya yi jayayya da 'yan Niyaya kan hujjojinsu na samuwar mahalicci, wanda addinin Buddha bai ginu a kansa ba, ya kuma soki alfahari da ajin haihuwa da neman tsarki ta wanka a kogi, duk da cewa shi kansa a gidan Barahmanawa aka haife shi.

Ko ƙa'idojin muƙabala sai da ya taɓa. 'Yan Niyaya sun lissafa hanyoyi 22 da mai jayayya zai faɗi, sun kuma halatta dabarun ruɗa abokin karawa, suna kamanta su da shingen ƙaya da ke kare shuka. A littafinsa Wadaniyaya, Darmakirti ya mayar da su biyu: mai da'awa ya faɗi idan ya kasa kawo hujja ingantacciya, mai suka ya faɗi idan ya kasa nuna aibi na gaskiya. Ya ƙi yarda da murɗa magana, yana ganin muƙabala aiki ne na neman gaskiya da amfanar da mai sauraro.

Ɗacin rashin mai fahimta

Riwayoyin Tibet sun ce ya taɓa ɓad da kama ya shiga gidan Kumarila a matsayin bara, ya yi ta hidima har ya sami yarda, ya koyi sirrin hujjojin gidan, sannan ya fito ya ƙalubalanci malaman Barahmanawa a bainar jama'a ya kayar da su. Sun ce ya ƙare sauran shekarunsa yana yawo daga fada zuwa fada yana muƙabala, yana kafa wuraren karatu.

Sai dai littattafansa ba su sami karɓuwa nan take ba. Salonsa a dunƙule yake, baiti guda na iya ɗaukar shafuka kafin a warware shi. Riwayar ta ce wasu malamai masu hassada sun ɗaure takardunsa a wutsiyar kare suka kora shi cikin gari don wulaƙanci, shi kuwa ya mayar da abin fata nagari, cewa littattafan za su ratsa ƙasashe kamar yadda karen ya ratsa lunguna. An kuma ruwaito cewa ya sa almajirinsa Debendrabudi ya rubuta sharhin babban littafin. Ya wanke na farko da ruwa, ya ƙona na biyu, ya karɓi na uku bisa cewa ya kamo zahirin lafazi ko da bai kai ga zurfin ma'ana ba. Baitocin buɗewa da na rufe littafin da kansu suna ɗauke da wannan ɗaci, na mutumin da yake tsoron aikinsa zai tsufa a jikinsa bai sami wanda zai karɓa ba.

An ce ya rasu a ƙasar Kalinga, yankin Odisha na yau, a wani gidan zuhudu da ya gina, almajiransa na kewaye da shi.

Abin da ya biyo baya

Tsoron nasa bai tabbata ba. A ƙarni na 8 Darmottara ya yi wa littattafansa sharhi, Shantarakshita da almajirinsa Kamalashila kuma suka gina nasu aikin a kan tsarinsa, suka kai shi Tibet. A ƙarni na 11 Gyanashirimitra da Ratnakirti suna ci gaba da kare hujjarsa ta gushewar abubuwa a makarantar Bikramashila. Abokan hamayya irin su Jayanta Batta na Kashmir, da Udayana, da Akalanka na addinin Jain, sun kaifafa nasu hujjojin ne wajen mayar masa da martani.

Bayan rushewar Nalanda da Bikramashila wajen shekarar 1200, addinin Buddha ya dusashe a ƙasar haihuwarsa, asalin littattafan na Sanskirit kuma suka ɓace daga hannun jama'a. Ba a fassara su zuwa Sinanci a wancan zamani ba. Tibet ce ta riƙe su. Ngok Loden Sherab, wanda ya rayu daga 1059 zuwa 1109, ya fassara wasu, Sakya Pandita, wanda ya rasu a 1251, ya tsaya a kan fassarar Pramanawartika ya mayar da shi ginshiƙin karatu. Mutanen Tibet suna lissafa Dignaga da Darmakirti cikin malamai shida da suke kira adon duniya. Har yau littafin na cikin manyan matanoni biyar da ɗaliban mazhabar Geluk ke shafe shekaru suna haddacewa suna muƙabala a kansu, a Tibet da kuma makarantun da 'yan gudun hijira suka sake kafawa a jihar Karnataka ta Indiya.

Duniyar zamani ta sake gano shi a hankali. A 1889 aka buga ƙaramin littafinsa Niyayabindu a Kalkata, daga kwafin da ɗakunan karatun mabiya Jain suka adana, wato abokan jayayyarsa na da. Masanin Rasha Shcerbatski ya fitar da babban nazari mai juzu'i biyu kan mandiƙin mabiya Buddha tsakanin 1930 da 1932. A cikin shekarun 1930 ɗin kuma ɗan Indiya Rahul Sankrityayan ya yi tafiye-tafiye zuwa Tibet, inda ya tarar da tsofaffin rubuce-rubucen Sanskirit a kan ganyen itatuwa dangin giginya, jibge a gidajen zuhudun Sakya da Ngor da Shalu. Ya kwafe wasu da hannu, ya ɗauki hoton wasu, ya dawo wa Indiya da Pramanawartika cikin harshen da aka rubuta shi. Kufan Nalanda kuwa ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2016.

Mai karatu ba ya buƙatar yarda da inda Darmakirti ya dosa kafin ya amfana da ma'auninsa, kamar yadda malaman Hindu da na Jain suka yi amfani da shi alhali suna jayayya da shi. Duk wanda aikinsa ya haɗa da karɓar rahoto ya miƙa wa na gaba, zai ga amfanin rarrabewar da ya dage a kai: wane ɓangare aka gani da ido, wane aka ciro daga alama, wane kuma aka ji daga bakin wani. Idan an ce ba a sami abu ba, a tambaya ko abin na cikin waɗanda da suna nan da an same su. Shi dai bai keɓe kowa daga waɗannan tambayoyi ba, har malamin da ya bar gidan ubansa dominsa.